Faifai Biyu a Dilimi

Ruwan Agusta na dukan kwanon shagona,
ƙanƙara na tsalle a bakin ƙofa kamar gyaɗa a kasko.
Na kwance kusoshi huɗu, na zare murfin kwamfuta.
Kangyang, mai koyon aiki a wurina,
ta haska min tocilan, hannunta na rawar sanyi.

Ga uwar allo, koriya shar,
da siraran titunanta na azurfa.
Ramuka shida a gefenta, na zaɓi biyun farko.
Faifai biyu, girma ɗaya, kamfani ɗaya,
daga hannun Obinna a Taminus.
Ya rantse sababbi ne. Na duba hatimin da kaina.

Me ya sa biyu? in ji Kangyang.
Na soka jar waya, ta ce ƙas.
Na soka ta biyu.

Bara waccan faifai ɗaya gare ni.
A cikinsa muryar Baba, awa goma sha ɗaya,
labarin haƙar kuza a Bukuru,
kwanon awo, da Baturen da ke zagi da karyayyar Hausa.
Tarinsa ma na ciki,
da kiran sallar da ya katse masa zance.
Wata Laraba faifan ya soma ƙyas, ƙyas, ƙyas.
Kafin Juma'a Baba ya sake rasuwa.

Na kunna, na yi ta dannar maɓalli
har shuɗin shafi ya buɗe, inda injin ke ɓoye halinsa.
Na ce masa daga yau RAID.
Ya ce: sifili ko ɗaya?
Sifili gudu ne, a raba kaya, kowa ya ɗauki rabi,
amma in guda ya faɗi a hanya
rabin ɗan'uwansa ya zama tarkace.
Ɗaya kuwa madubi.
Abin da wannan ya ji, wancan ya ji.
Ka biya kuɗin rumbu biyu, ka sami wurin rumbu guda.

Kangyang ta ce wannan ai asara ce.
Na ce shekarunki nawa? Ta ce sha tara.
Na danna ɗaya.

Ya gargaɗe ni: duk abin da ke ciki zai shafe.
Ba komai cikinsu tukuna,
duk da haka yatsana ya daɗe a sama.

Bayan la'asar muka gwada shi.
Yana cikin aiki na fizge waya guda.
Ya yi kuka da jan rubutu, amma bai faɗi ba,
ya ci gaba da ƙafa ɗaya.
Na mayar, ya shiga koya wa ɗan'uwansa abin da ya wuce shi,
kashi huɗu, kashi tara,
muka sha shayin Ɗanlami, kashi sittin da uku,
Nepa suka ɗauke wuta.
Na ja igiyar janareto har kafaɗata ta amsa.

Sai yarinyar nan ta ce, tana hura kofinta:
To in kai da kanka ka goge abu bisa kuskure fa?

Na yi shiru.
Madubi ba ya gardama.
Ka yi daidai ya maimaita, ka yi ɓarna ya maimaita.
In tsawa ta faɗo, tare za su ƙone.
In ɓarawo ya zo, akwati ɗaya zai saɓa.
Na ce gobe ki koma wurin Obinna,
na uku zai kwana a gida, a Gangare, cikin durowa.
Ta yi dariya, ta rubuta a tafin hannunta.

Ruwa ya tsagaita. Na ja ƙofar shago.
Fitila biyu na ƙifta ido a tare cikin duhu.
Rakoda na aljihuna.
Inna za ta ce ba ta da abin faɗa,
sannan ta kai ni ƙarfe ɗaya na dare.